Sunan Attaher

Yamai, 9 ga Faburairu 1993

Zuwa ga mahaifina Illi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da maƙwabtanmu na Arlit. Yaya tarin nan naka? Dodo direba zai karanta maka wannan, kada ka ba kowa.

Baba, an tsayar mini da bursi, kuɗin karatun da gwamnati ke ba mu, saura wata huɗu in gama jami'a in zama malamin makaranta. An kira ni biro, wato ofishin jami'a, aka nuna mini takardar jandarma, wai Attaher Illi yana cikin 'yan tawayen da suka hau dutse. Na rantse ban da alli ban taɓa riƙe komai ba, ko kallona ba su yi ba.

Ina jin haushinka, kuma yau sai na faɗa. Ranar da hakimi ya zo ɗibar yara lakwal, makarantar boko, sunan yayana Attaher ne a takardarsa. Ka kora shi daji da raƙuma, ka miƙa ni ka ce ga Attaher. Ko kiwon akuya ban iya ba a lokacin, shi ya sa rashina bai dame ka ba. Shekara goma sha shida ke nan ina amsa sunan wani. Raƙuman da ka tsare shi dominsu fari ya cinye, kamfanin yuraniyom da ka koma yi wa gadi ya sallame ka, shi kuma yaya ya ɗauki sunan ya hau dutse da shi, ko sallama bai yi mini ba. An bar jaki ana dukan taiki, kuma kai ka ɗora taikin.

Ka aika masa ya san abin da ya jawo mini. A gaida Inna.

Ɗanka,
Muktari

Yamai, 28 ga Maris 1993

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan jikinka da sauƙi. Yaya haƙurinmu?

Dodo ya faɗa mini komai. An harbe yaya, abokansa sun rufe shi a dutse. Allah ya jiƙansa, ya yafe mini maganganun da na yi a kansa. Ya ce kuma kai ka sa rawaninka ka je wurin jandarma, ka ce musu ɗanka Attaher yana Yamai yana karatu, wancan na dutse ba ka san shi ba.

Dabararka ta ci. Jiya aka kira Attaher Illi a biro, na amsa, an mayar mini da bursi. Na sayi shinkafa da wake, na bar su a kwano har suka huce.

Amma ka hana a yi zaman makoki, don kada magana ta fita. Dodo ya ce maƙwabta na shigowa yi wa Inna barka an wanke ɗanta, tana amsawa, in sun fita ta cusa mayafi a baki ta yi kuka. Wa ya roƙe ka wannan? Da can ka ba da ni don ka tsare shi, yanzu ka musanta shi don ka tsare ni, kuma duka biyun ba ka tambayi kowa ba.

Zan gama karatun, tunda an riga an biya da abin da ba ya dawowa. Zan nemi a turo ni Arlit koyarwa. Ka shirya kunnenka, Baba. Kullum safiya yara sittin za su miƙe su gaida Malam Attaher, kuma lakwal ɗin tana bayan gidanmu.

Ka gaida Inna, ka ce mata ni na yi masa kuka a fili.

Ɗanka da ya rage,
Muktari