Dabinona Duk Maza Ne, Na Ƙanena Ke Haihuwa

Assalamu alaikum jama'ar wannan group mai albarka. Admin ka taimaka ka sakaya sunana, akwai 'yan unguwarmu a ciki. Don Allah ku ba ni shawara, kuma in kun ji maganar a kan bishiya ce kada ku yi min dariya, ni abin yana cina a rai.

Ni magidanci ne a nan Kontagora, malamin firamare. Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu, ni da ƙanena, bari in kira shi Auta. Da Baba ya rasu aka raba mana filinsa kowa ya gina nasa, katanga ɗaya ce tsakaninmu, Innarmu kuma tana zaune a wajena. Cikin kayan Baba na tarar da ƙwallayen dabinon da ya zo da shi daga Madina, a cikin gwangwani, ya sha cewa zai shuka Allah bai nufa ba. Na ce ni zan cika masa. Mutane suka ce dabino ba ya yi a ƙasarmu, ruwa ya yi yawa, na toshe kunnena, na jiƙa su, na raine su a leda har shida suka tsira. Na dasa huɗu a tsakar gidana, biyu na kai wa Auta, ni na haƙa ramin ma, shi yana tsaye yana amsa waya.

Jama'a na sha wahalar bishiyoyin nan. Takin shanu har daga Zugurma na sa aka kawo min a bayan mota. Da rani in rijiya ta ƙafe ruwan 'yan garuwa nake saya musu, matata tana mita wai na fi kula da su a kan yara. Shi kuwa Auta ɗan kasuwa ne, sai ya yi sati bai kalli nasa ba, ruwan wanke-wanken matarsa kaɗai suke sha. Nawa suka yi tsawo suka yi kyau, nasa suka tsaya a tsugune kamar ba sa so.

Bayan shekaru duk suka yi fure, nawa ya bushe ya zube babu ko ɗa ɗaya. Na nemo wani mutumin Jigawa da ke sayar da dabino a kasuwa, ya zo ya duba, ya ce Malam ai naka duk maza ne, namijin dabino ba ya haihuwa har abada, kuma in ƙwallo ka shuka ba ka sanin me ka samu sai ya yi fure. Ya leƙa ta katanga ya ce waɗancan biyun mata ne. Ya koya mana barbara, a yanko furen namiji a ɗaura a cikin na macen lokacin da ya buɗe, in lokacin ya wuce an yi asarar shekarar. A duk unguwarmu babu wani namijin dabino sai nawa.

Bara da hannuna na yanka na kai, ni na hau tsani na ɗaura, ƙaya ta yayyage min hannu. Bishiyoyin Auta suka yi 'ya'ya har reshe na rinjaya. Daga nan zuciyata ta fara lalacewa. Ya ɗora hoto a status ya rubuta dabinon Madina a gidana, ko sunana babu. Yanzu masu babur in za su yi kwatance sai su ce gidan mai dabino, ni kuma na zama na kusa da gidan mai dabino. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ya aiko min da kwano guda, ban ce bai aiko ba, amma na kasa ci. Inna tana azumin Litinin da Alhamis, da shi take buɗa baki, a tsakar gidana, a kan tabarmata, tana cewa Allah Ya yi wa Auta albarka ya raya shukar Malam, haka take kiran Baba. Ina zaune ina ji. Na san hassada ce, ina istigfari, amma ba ta tafi ba.

Abin da ya ƙarasa ni, mutumin Jigawan nan ya ce tohon da ke fitowa a gindin macen in an cire an dasa mace zai zama. Guda ɗaya ya isa cirewa, na zuba ido in ga ko Auta zai ce Yaya ga naka. Sai ji na yi ya kai wa surukinsa Tungan Magajiya. Da na yi masa magana ya ce ai ban tambaya ba, shi bai san ina so ba, na ce sai na roƙe ka abin da na shuka da hannuna, ya ce in yi haƙuri wani zai fito. Muka rabu kowa rai a ɓace.

Yanzu furensa ya buɗe, ina hango shi ta saman katanga. Ya shigo har sau biyu ya durƙusa ya ce Yaya lokaci fa yana tafiya, na ce masa nawa bai nuna ba tukuna. Ƙarya na yi, na yanke shi tuni, yana nannaɗe a takarda a saman drowata. Matata ba ta sani ba, ita dai cewa take in sare bishiyoyina mu shuka mangwaro tunda ƙaya kawai suke zubar mana, har na yi magana da mai injin yanka bishiya. Sai ga shi yau da safe Inna ta kira ni ta ce, Babba, an ɗaura wa dabinon Malam kuwa? Ina so in ci na bana, ban san ko zan ga na baɗi ba. Na ce mata za a ɗaura.

To 'yan uwa ya zan yi? In sare in huta da ganinsu, ko in kai furen in ci gaba da zama lebura a gonar ƙanena? In zaunar da shi in faɗa masa gaskiyar abin da ke raina, ko girmana zai zube? Na san da yawanku za ku ce in kai saboda Inna, ni ma na san haka. Amma ku faɗa min yadda mutum zai miƙa abu da hannunsa alhali zuciyarsa tana fatan kada ya yi albarka.