Lallen da na sa wa mijina a karyayyar ƙafa

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma duk mai shirin zagina ya daure ya kai ƙarshe tukuna, don zagin da nake yi wa kaina ya fi wanda zai yi mini. A Matameye nake, sana'ata ƙunshi, kusan duk amaryar unguwarmu ta hannuna take bi.

Maigidana magini ne. Duk rani Kano yake tafiya aiki, bana ne kawai ya zauna, saboda wani Alhaji ɗan kasuwa ya ba shi ginin bene a bakin hanya. Ni kuwa har da guɗata, wai bana zan yi rani da mijina a gida. Suna aikin hawa na sama katakon da yake tsaye a kai ya ɓalle, ya faɗo, ƙafarsa ta dama ta karye a ƙasan gwiwa. Abokan aikinsa sun ce sun sha gaya wa Alhaji gara ta cinye katakan, yana cewa a lallaɓa. Abin da har yau yake tsaya mini a rai shi ne, ga asibitin gwamnati nan kusa, amma Alhaji ya sa shi a motarsa ya wuce da shi ɗakin shan magani na wani abokinsa majo, ma'aikacin jinya ne, ba dokta ba. A ranar na ce kirki ne, har addu'a na yi masa. Yanzu kuwa ina tambayar kaina, kirki ne, ko dai gudun kada magana ta kai kunnen jandarma, jami'an tsaro?

Majo bai ɗauki hoton ƙashi ba. Ya ja ƙafar, ya naɗe ta da farin ɗaurin nan mai tauri kamar siminti, yatsu kaɗai ya bari a waje, ya yi masa allura barci ya ɗauke shi. Sai ya yafito ni bakin ƙofa ya ce, "Madam, ki riƙa duba yatsun nan. In suka yi sanyi, ko suka fara baƙi, kar ki jira kowa, ki kawo shi." Na ce to. Daga ni sai shi a wurin. Ba zan yi muku ƙarya in ce ruɗewa ta hana ni ji ba, na ji shi sarai.

Muna komawa gida ƙafa ta ɗauki zafi. Mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba ya riƙa cizon matashi yana cewa kamar an tura masa ita a murhu. Na kira majo a waya na ce zafi ya yi yawa, ya ce haka karaya take, a ƙara masa ƙwaya. An ƙara, ba ta yi komai ba. To ku gaya mini, wace mace ce a ƙasar nan ba ta san lalle yana sanyaya ƙafa ba? Tsofaffinmu in tafin ƙafa ya dame su da zafi ba shi suke kwaɓawa ba? Na tashi na kwaɓa mai kyau, irin wanda nake ajiye wa amare, na lulluɓe yatsun da shi kaf. Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Allah ya yi miki albarka," ya yi barci. Washegari na wanke na sake sawa, na kuma sakewa. Yatsu suka yi ja, suka yi duhu, suka koma baƙi. Na taɓa na ji sanyi ƙalau, na ce alhamdulillahi lalle yana aiki. Wallahi kunya ce take kama ni ina rubuta wannan: har daɗi na ji a raina wai ƙunshina ya kama. Hajiya matar Alhaji ta zo dubiya, ta ɗaga zanen da na rufa masa, ta kwashe da dariya ta ce, "Ikon Allah, ango aka mayar mana da shi?" Ni ma na taya ta dariyar.

Wari ne ya farkar da mu. Yaya, wan maigidana, ya ɗauko mota muka yi Damagaram, a can aka yanke ƙafar. Doktan ya fito ransa a ɓace, ya ce ɗaurin ya matse jini ya kasa wucewa, wane ne ya yi wannan aikin, kuma ba wanda ya ce muku ku riƙa duba yatsu? Baƙin ciwon ya riga ya haɗiye na lallen, bai lura da shi ba. Yaya ya juyo ya dube ni, surukata ta dube ni, duk dangin miji suka zuba mini ido, sai na ji bakina ya ce, "Bai gaya mana komai ba." Ban shirya ta ba, fitowa kawai ta yi, kuma tun daga ranar nake ɗauke da ita.

Yaya mutum ne da ba ya barin ta kwana. Ya samo lauya ya kai ƙara, Alhaji a kan ruɓaɓɓun katakai, majo a kan ɗauri da rashin gargaɗi. Lauyan ya zaunar da ni ya ce maganata ce ginshiƙin shari'ar majo, da ita za a nemo wa maigidana diyyar da zai ciyar da yaranmu, tunda shi da hawa gini sai dai a mafarki. Majo kuma ya tsaya kai da fata cewa shi ya gaya wa matar gida, wato ni. Yanzu an ce za a kira ni, in yi alwala in dafa Alƙur'ani.

Tun da aka sa ranar nan na daina yarda da kowa. Hajiya ta zo da turmin zane da sabulu, matar da a da ko gaisuwata da ƙyar take amsawa. Ta zauna ta ce, "Ƙanwata, har yanzu kina ƙunshin? Ai hannunki akwai kamu, na gani da idona." Ta gyara mayafi, ta ce, "Ki ja hankalin Yayanku. Alhaji ba ya son shari'a tsakanin Musulmi. In aka shiga tone-tone ba a san wanda zai kwana a ciki ba." Wannan shawara ce ko barazana? Ta gaya wa Alhaji ne? Shi ya aiko ta? In lalle ya fito fili, ba shi ke nan sun samu wadda za su jibga wa laifin ba, a manta da katakan da gara ta ci? Na haɗu da majo ranar kasuwa, na ɗauka zai ɗauke kai, sai ya gaishe ni a hankali, ya tambayi jikin mai gida, ya tsaya yana kallona kamar yana jiran wani abu. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Surukata kuma rannan na tarar ta zubar da garin lallena a bayan gida, ta ce wai ya yi ƙwari. Ni na san bai yi ƙwari ba.

Wani lokaci nakan ce wa kaina, ni na sayo katakan? Ni na matse ɗaurin? Ba na kira majo ya ce haka karaya take ba? Shi ma ai bai tambaye ni yatsu ba. Duk gaskiya ne. Amma mutumin nan ya gaya mini abu ɗaya tak in yi, na bi na rufe shi da hannuna. In na rantse a kan ƙarya, za a rufe masa wurin aiki saboda maganar da ya faɗa na ce bai faɗa ba, ni kuma ina zan sa kaina ranar gobe? In na faɗi gaskiya, shari'a ta yi rauni, Alhaji ya samu hanyar zamewa, yarana su rasa, dangin miji su san ni ce, kuma ban ga zaman da zai rage mini a gidan nan ba.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne, jiya bayan la'asar maigidana yana zaune a tabarma a tsakar gida, na ga yana miƙa hannu yana sosa wurin da babu komai. Na ce lafiya? Ya ce, "Ƙafar da aka yanke ce take mini zafi, yatsun nan nake ji kamar da." Ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Da suna nan da kin sa mini lallen nan naki. Duk cikin masu maganin, ke kaɗai kika ba ni barci."

Na kasa gane ko godiya yake mini, ko kuwa ranar nan a bakin ƙofar majo allurar ba ta gama ɗauke shi ba, ya ji komai, jira yake in faɗa da bakina. Na shige ɗaki na toshe baki da zane don kada ya ji kukana.

Jama'a, ranar rantsuwa ta matso. Me zan yi?