Wayar da Ta Hana Inna Barci

Zuwa ga Sarkin Tambaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ofis? An yi wa Inna aikin, an kuma dace, sai dai likita ya ce ba zai sallame ta ba sai ta samu barci sosai. To wayata ta hana.

Kin san manhajar da ke sa ido kan sabobinmu, manyan kwamfutocin ofis, da lambata na haɗa ta, duk abin da ya faɗi ni take bugo wa ƙararrawa. Manhajar firintan nan kuwa sai ta faɗi sau arba'in a yini ta tashi da kanta. Ba dama in rufe wa wayar baki, ta nan likita ke nemana. Jiya Inna ta ce, "Tashi ka tafi, ɗan nan, mutanenka na nemanka." Wallahi kunya ta rufe ni.

Ga kalmar sirrin a ƙasa, wadda shekara shida ban ba kowa ba. Ki kashe gargaɗin gaba ɗaya, kuma don Allah ban da tambaya.

Na gode,
Shugaban sashenku

Malam,

Ina gaisuwa. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne.

Ka yi haƙuri, ban kashe duka ba. In babbar sabar ta faɗi ba wanda ya ji, kafin la'asar Manaja zai taso ka daga asibitin nan. Da na rasa wanda zan tambaya, sai na zauna na karanta gargaɗin wata uku. Tara cikin goma na firinta ne da wasu tsofaffin manhajoji biyu. Waɗannan na ce kada su yi motsi sai in abu ya kai minti biyar bai tashi ba. Sauran na juyo da su lambata.

Amma Malam, ashe haka ka iya aiki? Kowane gargaɗi ka rubuta dalilinsa a ƙasa, har da ranar da ka sa shi da abin da za a fara dubawa. Na yi ta karantawa har shayina ya huce. Ka tsara shi tamkar don wani ya koya, sannan ka kulle ka sa makullin a aljihu. Wannan kam sai ka dawo za ka amsa mini.

A gaida Inna da jiki.

Ɗalibarka

Sarkin Tambaya,

Sannu da ƙoƙari. Hali bai bar ni ba, na leƙa manhajar yau da hantsi. Na ga babbar sabar ta faɗi ranar Laraba da azahar, ta tashi cikin minti goma sha ɗaya, ban ma ji labari ba. Ni kaina ban taɓa yin ƙasa da ashirin ba. Shekara biyu ina aiken ki ki canza tawadar firinta. Ki yafe mini.

Inna ta yi barci har da minshari, gobe za a sallame mu. Da ta farka ta daɗe tana kallon wayar a kan durowa, sannan ta rage murya ta ce, "Faɗa mini gaskiya, korar ka suka yi?"

Na ce a'a, Inna, wadda ta fi ni aka samu. Ta ce to in zauna in ɓare mata lemo.

Ki canza kalmar sirrin, ki riƙe a wurinki.

Ki huta lafiya,
Malam