Muryar Yaya a Cinyar Umma

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ya aiki, ya yara? Kada ki yi mamakin ganin takarda kamar ta mutanen da. Wayata ta zama ta Umma, ko caji zan sa sai na haɗa da dabara.

Manhajar nan taku ta masu jinyar ciwon mantuwa, wadda kika sa mini ranar da za ki koma, ta yi rana. Tunin magani bai dame ni ba, ni ce agogon gidan nan tun kafin ku ƙirƙiro naku. Amma muryarki da kika naɗa a ciki, wannan kam sai godiya. Kin san halin Umma in la'asar ta yi: ta yafa mayafi, ta kama ƙofa, wai za ta ɗauko mu daga makaranta. Yanzu ina dannawa aka ji "Umma, ni ce, zauna ki ci abinci, ina nan tafe," sai ta saki ƙofar ta zauna, ta ɗora wayar a cinya tana sa miki albarka. Jiya har na gama ɗinkin da ya daɗe yana harara ta a kan keke, na kuma yi wanka ba tare da na bar ƙofar bayi a buɗe ba.

Ni dai har yanzu "yarinyar nan" ce a wurinta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Wasa nake yi, kada ki ɗauka da zafi.

Ƙanwarki,
Auta

Auta,

Wa'alaikumus salam. Ina fata kina lafiya, ke da Umma. Takardarki ta faranta mini rai ƙwarai. A taron cibiyarmu na nuna yadda barcinki ya ƙaru tun da aka fara gwajin, ban dai ambaci suna ba. Shugabar bincikenmu ta ce irin sakamakon da ake nema ke nan. Don Allah ki ci gaba da amsa tambayoyin da manhajar take yi miki kowace safiya.

Hutun nan ba zan samu zuwa ba, rahoto ya riƙe ni. Ina rubuta wannan ina jin kunya, don da na karanta cewa Umma ta natsu, abin da ya fara zuwa raina shi ne to, ba sai na yi gaggawar zuwa ba. Wasan da kika yi kuma na ji shi, kuma gaskiya ne.

Wani abu ya tsaya mini a rai. Da na kira ranar Lahadi, ina gaishe ta ta fashe da kuka, sai aka kashe. Lafiya?

Ki gaishe ta.
Yayarki

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Tunda kin tambaya, zan faɗa.

Ranar da kika kira kin ce mata, "Umma, ya jiki?" Ita kuwa ba haka ta san 'yarta tana magana ba. Ta miƙo mini wayar, ta ce, "Yarinyar nan, wata ta shiga wayar 'yata, fitar min da ita." Sai da na kunna mata naɗaɗɗiyar sannan ta share hawaye.

Akwai wanda ya fi wannan. Kullum kina ce mata kina tafe, ita kuma ta yarda. In na zuba mata abinci sai ta raba biyu, ta rufe rabi ta ce naki ne, ta juya kujera tana kallon ƙofa. Daga baya rabin ya koma kusan duka. Zanen da take ɗaurawa yanzu sai ya zagaye ta ya yi saura.

Na gani, Yaya, ba yau na gani ba. Na ci gaba da dannawa saboda shirun ya yi mini daɗi. Manhajarku tana tambayata ko na yi barci, in danna e, ta yi mini tafi. Ba ta taɓa tambayar abin da ya rage a kwanon Umma ba, ni ma ban so a tambaya ba. Likita ya auna nauyinta shekaranjiya, ya yi mini wani irin kallo. Da ma zagina ya yi.

In na daina kunnawa ta koma kama ƙofa, in na kunna ta ƙi ci. Ki zo ta ga wadda take ajiye wa abincin.

Auta

Auta,

Salamu alaikum. Ina fata kin isa gidan Gwaggo lafiya. Ni na tilasta miki tafiya hutu ranar da na iso, na ce zan iya. Rahoton kuma na ce su dakatar da shi.

Umma ta yi mini maraba irin ta baƙi. Na zauna gabanta na ce ni ce, na iso. Ta ce, "Sannu, baiwar Allah, rage murya, 'yata za ta yi magana." Na buɗe kwanon da ta ajiye mini, ta buge mini hannu.

Tun jiya ba ta nemi wayar ba. Ɗaki ɗaki take bi, har bayan keken ɗinki ta leƙa, tana cewa, "Ina yarinyar nan? Wa ya kore ta?" Ko ruwa ta ƙi karɓa a hannuna.

Na san ko gajiyar hanya ba ki sauke ba. Ki yafe mini, Auta. Ki dawo.

Yayarki