An Hana Mu Cewa Sabuwar Affala

Zuwa ga Inna Delu, a Affala.

Ina gaishe ki. Ya ƙarfin jiki, ya su Zaliha? Mu a Tafkin Cadi lahiya lau, kada ki damu.

Sai dai tsibirin da muka share lokacin da fari ya koro mu, muka sa masa Sabuwar Affala, ƙasashe biyu ke jayayya kansa. Sojojin ɗayar sun kafa doka, sun sake masa suna. Bakina ya suɓuce a kasuwar kifi na faɗi tsohon sunan, suka ɗan taɓa ni. Haƙarƙarin na warkewa.

Inna, kin san nan na binne jikanki Abdu. In an tambaye ki inda yake kwance, ki ce Sabuwar Affala. Ke ba mai dukanki.

Ɗanki, Ciɗo