Muryata ta shiga waƙar Iliya

Salamu alaikum Hajiya mai wannan fili. Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure. Ni tsohuwa ce a wani ƙauye gefen Makoda, maigidana ya daɗe da rasuwa. Boko ban yi ba sai ɗan yaƙi da jahilci. Matar ɗana ce take rubuta min wannan, na kuma ce kada ta gyara min magana.

Akwai wani yaro, Iliya. Ba ni na haife shi ba, amma nonona ya sha. Uwarsa Larai maƙwabciyarmu ce, su Kiristoci ne, darni ne kawai tsakanin gidanmu da nasu. Ta mutu yana jariri, ni kuma ina goyon ɗana Kamilu. Aka kawo min shi yana tsala ihu, na ba shi ya sha. Ba abin yabo ba ne, nono yana zuba, yaro yana jin yunwa. Haka suka tashi, Kamilu ya je masallaci, Iliya ya je coci ran Lahadi, su dawo su sa hannu a kwano ɗaya.

Da ya girma noma ya ƙi shi. Fartanya a hannu, baki yana ta surutu shi kaɗai, wai waƙa yake haɗawa. Ƙarshe ya tafi Jos. Da farko yana kira, daga baya ɗif. Sai ga shekarun nan na tsada, taki ya gagare mu, hatsi ya gagari mai saye, har kuɗin ma suka ɓace daga hannun mutane. Duk wanda ya dawo daga birni da irin labarinsa. Wani ya ce ya gan shi da gashi murɗe-murɗe kamar mahaukaci, wani ya ce ƙwaya yake sha, wani ya ce masu satar mutane sun tare motarsu. Ni ba mai kuka ba ce, ban yi ba. Amma in ina kwashe tuwo sai in ga na ware malmala ɗaya, ba mai ci.

Bara da kaka sai ga shi a tsakar gida. Maganar gashi gaskiya ce, kamar an kifa masa igiyar rama a ka. Kafin in amsa gaisuwarsa na kama haɓarsa, na duba idonsa, na duba leɓensa, na shinshina rigarsa. Wallahi ko taba ba ya sha. Ƙalau yake, har da kumatu. Ashe wahala ya sha, ya yi dako, ya kwana a barandar coci, kunyar kiranmu hannu wofi ce ta sa shi shiru. Yanzu waƙa ce sana'arsa, irin gambarar zamani ta yaran nan, magana da sauri kamar an biyo shi da sanda, amma ta addininsu ce, ana gayyatarsa coci-coci da taron matasa. Ranar na yi barcin da na manta akwai irinsa.

Washegari ina daka ya zo ya zauna, ya ajiye wayarsa a gindin turmi. Ban kula ba. Ina lugude ina 'yar waƙata ta da, wadda muke yi da Larai muna tsokanar ƙanin mijina Muntaka lokacin yana saurayi, wai ba ya jin kiran gona, amma da ya ji taɓarya sai ga shi da ludayi. Da Iliya ya yi 'yan kwanaki sai ya koma Jos.

Bayan salla na shiga kasuwar Makoda sayen daddawa, sai na ji taɓaryata da muryata suna fitowa daga rumfar mai cajin waya, a cikin waƙar Iliya. Na tsaya cak. 'Yan acaɓa suka gane ni, suka hau kirana Inna mai lugude. Rabin maganar Iliya ban kama ba, Kamilu ne ya ce min labarin rayuwarsa yake bayarwa, yadda uwarsa ta mutu, Musulma ta shayar da shi, yana gode wa Allah, yana kiran Yesu. Wai duk waƙoƙinsa ba wadda ta karɓu kamarta.

To shi ne Muntaka, yanzu dattijo ne da farin gemu, ya zo min har ɗaki fuska a murtuke. Ya ce muryar Musulma a waƙar coci, me zan gaya wa Allah, lallai in sa yaron ya cire. Mata ma sun fara ƙus-ƙus a gidan suna. Ni dai ban fasa sallata ba. Amma in na yi shiru ina tsoron zunubi. In kuma na ce ya cire, ina tsoro ya ɗauka ƙyamarsa nake, ya koma shirunsa, don na san kunyarsa. Da ƙyar na same shi, ba na so in koma ware malmala. Yaya zan yi?

Tsohuwa daga gefen Makoda

AMSA

Wa alaikumus salam, Inna. Barka da arziki. Mutane da yawa sun rasa 'ya'yansu a shekarun nan, ke naki ya dawo da ƙafarsa da hankalinsa. Wannan shi ne babba, sauran duk mai gyaruwa ne.

Ki raba maganar biyu, yaron daban, waƙar daban. Shayarwa ta mai da Iliya ɗanki, ɗan'uwan Kamilu, kuma bambancin addini bai hana ki kyautata masa ba. Wannan ba wanda zai taɓa shi.

Waƙar kuwa, Iliya ya yi kuskure. Murya taki ce, ya kamata ya nemi izininki kafin ya ɗauka. So ne ya kai shi, amma ki gaya masa, uwa ce ke. Damuwar Malam Muntaka ma ba abar yarwa ba ce. Ni ba malama ba ce, ba zan ba ki fatawa ba. Ki je wurin malamin da kika amince da iliminsa, wanda ba na gidanku ba, ki gaya masa abin yadda ya faru: waƙar daka kika yi, ba ki san ana ɗauka ba, kuma babu kalmar ibadar kowa a bakinki. Sai dai ki lura, Inna, a cikin waƙar nan akwai mai ludayi, kuma yanzu duk kasuwa an san shi. Ina zaton fushin nan ba duka ne na addini ba. Ki dama fura ki aika masa da ludayinsa, wasan ƙanin miji bai tsufa ba.

Iliya kuma kada ki yi masa wannan magana a waya. Ki kira shi gida, ya ci ya ƙoshi, sannan ya karanta miki baitocin a hankali ki ji da kunnenki. In zuciyarki ba ta kwanta ba, masu wannan sana'a suna iya zare murya su bar bugun taɓarya. Wadda ta riga ta shiga wayoyin mutane ba za ta dawo ba, gara ki sani, amma wadda zai riƙa yi nan gaba tana hannunku.

Batun gudu kuwa, ki kwantar da hankali. Yaron da ya tsaya gaban jama'ar cocinsa ya ce Musulma ce ta raya shi ba hanyar barinki yake nema ba. Kafin ki ce komai a kan waƙar, ki fara gaya masa cewa da muryarki a ciki ko babu, malmalarsa tana nan, kuma yanzu shi zai zo ya ci abarsa.

Allah ya ƙara miki lafiya da ƙarfin riƙe taɓarya, ya raya miki su duka biyun.