Ƙwan da Na Dafa wa Hajara

Laraba, bayan isha'i

Yau na raka Hajara awon ciki. Nas ta ja fatar idonta ƙasa ta duba, ta ce, "Mma, 'yarki ba ta da jini. Me take ci?" Na lissafa a raina. Koko da safe, gari da rana, tuwon banku da barkono da dare. Abin da yayarta Safiya ta ci ke nan wata tara, har ta rasu wurin haihuwa, jinin bai ishe ta ba.

Da muka taso na biya kasuwar Nima, na sayo kontomire, wato ganyen gwaza, da wake da ƙwai biyu. Na dafa na ajiye mata. Ta cinye ganyen da waken, ta ture ƙwan gefe.

"Mma, ba ke kika hana Yaya Safiya ba? Kin ce mai ciki in ta ci ƙwai, ɓarawo za ta haifa."

Gaskiyarta, ni na faɗa. Haka uwata ta gaya mini, ban taɓa tambayar dalili ba. Sai na tuna ranar da na karɓe ƙwai daga hannun Safiya na miƙa wa mijinta, tana dariya tana cewa, "Ko ɓari ɗaya, Mma."

Na ce, "Hajara, kuskure na yi. Ki ci, don Allah."

Ta jawo ƙwan gabanta. Sannan ta ɓare ɗaya ta ci a hankali. Na ɓare mata na biyun da hannuna, ban tashi ba sai da ta haɗiye.

Allah ya jiƙan Safiya. Ni kuma ya yafe mini.